Ƙafar Mbah

Daga teku, watan Muharram

Zuwa ga ƙanwata Daryuni, 'yar Pakde Warsad, a filin wasa na Langen Samudro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da mijinki Sodri da yara. Ki gaida Pakde da kyau, ki ce masa ɗan ƙaninsa yana nan da rai. Ni lafiyata ƙalau in ban da hannuwa, su kuwa an daina maganarsu, igiyar mamari ta ci tafin, gishiri ya ci abin da ta rage. An ce jirgin da ke zuwa kwasar kifinmu yana kusa, shi zan ba wannan takarda. Ko za ta iso ki, Allah ne masani. Na taɓa ganin buhun wasiƙu ya faɗa ruwa tsakanin jirage biyu, kyaftin bai ko juya ba.

Na sa wakilin kamfani ya aiko muku abin da na tara. Na ɗaga dandamalin lilon dawakai ne, Yuni, ba na komai ba. Na san halin gidanmu. Kuɗi in ya kwana sai ya zama rufin ɗaki, ya zama bikin wani, ya zama gudummawar unguwa. Rabona da gida tun 'yarki Ipah tana goye, kuma ko a lokacin ruwan cika yana kaiwa rumfar tikiti. Babban lilon sama ya riga ya tsaya, jirgin ƙasan yara ya nutse a laka har bututunsa. Dawakan nan kaɗai suka rage suna ciyar da gida. In ruwan gishiri ya kai ga gindin ginshiƙi, magana ta ƙare.

Kada ki jira mutanen hukuma. Tun ina yaro suke zuwa da farar riga su ɗauki hoto, su ce wurin nan tarihi ne, su sha shayi su tafi. Ba na ma ganin laifinsu sosai. Wanda unguwanni ke nutse masa a hannu ba zai fara da dawakan itace ba. Ina dai faɗa miki ne don kada ki sa rai.

Sai maganar farin dokin gaba, wanda mu masu turin lilo muke kira Mbah, wato Kaka, don ya girmi kowa a filin, tun zamanin da Turawan masana'antar sukari suka kawo lilon. Ke kina ƙarama lokacin, kina rumfa kina juya wainar waken tempe a mai, ba lalle ki san sunayen da muke ba su ba. Ƙafarsa ta gaba ta hagu tana da tsaga, ni na ɗaure ta da waya kafin in tafi. A duba ta. Ki kira Kasnap ɗan kafinta, hannunsa ya fi na ubansa taushi.

Wani lokaci in ina jan mamari, ƙafata takan nemi takun turi da kanta, gudu uku a ɗafe, sai tsalle. Abokan aikina suna cewa ɗan Jawa ya fara taɓuwa. Ba su yi ƙarya ƙwarai ba.

Yayanki,
Casmadi

*

Langen Samudro, watan Safar

Mas Casmadi,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka, muna yi maka addu'a bayan kowace salla. Saƙonka ya iso ta hannun wakili, da 'yar takardarsa cewa na dandamali ne. Allah ya saka. Amma wasiƙa babu, shiru tun kafin babbar Sallah. In ka rubuta to ba ta zo ba. Sodri yana fama da bayansa, yara lafiya, Ipah har ta fara karɓar tikiti in ta dawo makaranta.

Ruwan cika na bana ya fi na bara. Yanzu ba ya jiran sabon wata, duk lokacin da ya ga dama shigowa yake. Muna share laka da safe, la'asar ta yi ya dawo da wata. Ranar Lahadi ana ɗan samun mutane, sauran ranaku sai kaguwa. Wani mutumin Jakarta mai sayen tsofaffin kaya ya zo yana zagaya dawakai yana shafa su, bai samu fuska ba ya tafi, amma ya bar adireshinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami Mbah ne. Ƙafarsa ta hagu. Ka san kullum a cikin ruwan nan take in teku ta shigo. Ta yi baƙi daga ƙasa, in ka danna sai wurin ya lotsa, har wari take yi. Yara ma na hana su hawa bayansa. Na kawo Kasnap ya duba, ya ce ruɓa ce kuma tana hawa, in ba a yanke daga gwiwa ba za ta ci sauran.

Mas, yayana, ba ni da inda zan dafa sai abin da ka aiko. Na san ka ce na dandamali ne, shi ya sa ban taɓa ba. Ka ba ni izini. Ka amsa da jirgin farko, don Allah.

Ƙanwarka,
Daryuni

*

Daga teku, watan Maulidi

Yuni,

Salamu alaikum. Ina lafiya. A tsaye nake rubutu, jirgin kwasa zai saki igiya yanzu, kyaftin yana ta ihu.

Maganar Mbah. A sare ƙafar, kada a ɓata lokaci, Kasnap ya sassaƙa masa wata. Amma kada ki taɓa abin da na aiko. Ban bar fatar hannuna a teku don ƙafar tsohon da ya gama zamaninsa ba. In ya kai ba ya iya ɗaukar yara, a sauke shi daga lilon a jingine a bayan gida, a sa wani a gurbinsa. In mutumin Jakarta ya dawo ki saurare shi. Da tsoho ɗaya ya ja mu duka ƙasa, gara a rabu da shi.

A fara aikin dandamali kafin damina. Gaida kowa.

Casmadi

*

Langen Samudro, watan Jimada

Mas Casmadi,

Assalamu alaikum, tunda sallama wajibi ce. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Takardarka ta iso ranar Alhamis bayan la'asar. Ka san yadda muke yi da wasiƙarka a gidan nan, ba a buɗe ta a ɗaki. Na dafa shayi a tukunyar ƙasa, na sa sukarin dutse, aka shimfiɗa tabarma a baranda. Sodri ya zo, yara suka zo, har matar mai kwakwa ta bar rumfarta ta zo jin labarin ɗan teku. Mbah yana kan kujerarsa, ƙafar a kan bokiti, na lulluɓe ta da zane saboda ƙudaje. Shi ya ce in yi sauri in buɗe, wai yaron nan bai iya dogon rubutu ba amma abin da ya faɗa yakan tsaya.

Na karanta har wurin sassaƙa, sai bakina ya ƙi. Na ce rubutun ya jiƙe. Ya ce, "Ci gaba, Yuni, ba ki iya ƙarya ba." Na karanta masa duka, a gaban jikokinsa, a gaban maƙwabta. Tsohon da ya gama zamaninsa. A jingine a bayan gida. Matar mai kwakwa ta tashi ta bar shayinta. Shi kuwa sai da ya gama kurɓa ya ce in maimaita masa wurin mutumin Jakarta. Na maimaita.

Mahaifina ne fa, Mas. Pakde ɗinka. Mutumin da ya ɗauko ka daga gidan makoki ranar da teku ta ƙi dawo da mahaifinka, ya sa ka a gabansa kan keke. Shi ya koya maka turi, shi ya sayar da akwatin rediyonsa ya yi maka takardun jirgi. Da ka ce ba za ka bayar ba, da na fahimta, guminka ne. Amma a sassaƙa masa wata? Kasnap da yake wanke masa ciwon kullum kafin ya tafi aiki asibiti, da ya ji maganar sai ya sunkuyar da kai.

Ga abin da takardarka ta haifar. Washegari Mbah ya sa Sodri ya rubuta wa mutumin Jakarta. Ya zo, sun zauna, ban ji duk abin da suka ce ba, amma na ga yana auna ginshiƙi da igiya. Asibiti kuma ya ce ba zai je ba. Baƙin ya wuce idon sawu.

Abin da ka aiko yana nan yadda yake, ban taɓa ba, dandamali ma ban fara ba. Ka faɗi inda za a mayar maka.

Daryuni

*

Daga teku, watan Rajab

Yuni, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan tambayi lafiyarku ba, tunda na riga na ji.

Doki nake nufi. Wallahi tallahi doki nake nufi. Farin dokin gaba, mai jan linzami, shi muke kira Mbah, ni da Rasjo da sauran masu turi da duk suka watse. Na rubuta miki haka a watan Muharram, na ce a duba ƙafarsa ta hagu da na ɗaure da waya, na ce a kira Kasnap. Ashe wannan takardar tana ƙasan teku, wadda ya kamata ta nutse kuwa ita ta iso da ƙafarta.

Yaushe Pakde ya zama Mbah? Na bar shi yana ɗaga doki shi kaɗai a kafaɗa. Ke kina ce masa Bapak, babanki, ni ina ce masa Pakde, baffana. Na sani, yara sun buɗe baki sun ce Mbah, kowa ya bi bakin yara, haka ake yi a kowane gida. Amma ba wanda ya rubuto mini cewa an canja masa suna. Kuma yaushe Kasnap ya ajiye zarto ya shiga asibiti? Kuna can kuna tsufa, kuna canja sana'a, ni ina nan da gidan da na baro a kaina, kamar wanda ya ɗauki hoto ya tafi. Ba laifinki ba ne. Kin rubuta yadda kike magana, na karanta yadda na sani. Amma ki yi mini adalci ke ma. Ki sake duba takardarki, ki nuna mini inda kika ce mahaifinki, ko inda kika ce ciwo, ko likita.

A ƙofar ɗakin ƙanƙara na karanta wasiƙarki. Na zauna a kan kifi har sai da shugaban aiki ya zo ya shure ni. Tun ranar in na rufe ido barandar nan nake gani, da bokitin, da ke kina karantawa. Ga shi daga ranar da kika rubuta zuwa yau wata ya wuce, kafin wannan ta iso wani zai wuce, ƙafar kuma ba ta jiran jirgin kwasa. Na roƙi kyaftin ya bar ni in yi magana ta rediyon jirgi, ko tashar ruwa ce a isar da saƙo. Ya ce rediyo na kifi ne.

Ki ɗauki abin da na aiko duka. Ki kai shi asibiti yau, ko da ɗaukarsa za a yi yana zagi. Dandamali ya jira. In bai isa ba ki je wurin wakili, na rubuta masa ya ba ki na gaba.

Sannan ki dafa shayi, ki shimfiɗa tabarma, ki kira duk wanda ya ji ta farko, har matar mai kwakwa. Ki karanta wannan a gabansu. Pakde, ni ne Casmadi. Ban taɓa kiranka tsohon da ya gama zamaninsa ba, kuma ba zan kira ka ba har in mutu. Ka yafe mini abin da kunnenka ya ji. Kada ka sayar da lilo saboda kuskuren suna. Ka mayar wa mutumin nan igiyar awonsa.

Ki amsa mini, Yuni, ko da layi ɗaya ne. Yana da rai?

Casmadi

*

Langen Samudro, watan Sha'aban

Mas,

Assalamu alaikum. Yana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran. Sodri da yara suna gaishe ka.

Na karanta takardarka a bakin rijiya kafin in kai ta baranda, wannan karon ban yarda in buɗe a gaban mutane ba sai na san abin da ke ciki. Na yi kuka, na yi dariya, na koma kuka. Na je na duba dokin, ga wayarka nan ta yi tsatsa a ƙafarsa. Mu Fari muke ce masa. Ka yafe mini maganganun da na faɗa maka.

Na tara mutane kamar yadda ka ce. Matar mai kwakwa tana ta salati, tana cewa dama ita ta san ɗan nan ba zai yi haka ba, ita da ta fi kowa yaɗa maganar a kasuwa. Kowa ya saki fuska sai Mbah. Da na gama na ce, Bapak, ka ji, doki yake nufi.

Ya ce, "Na sani."

Na ce tun yaushe. Ya ce tun ranar, tun daga layin farko, ai shi ya raɗa wa dokin sunan kafin a haife mu duka. Na ce to me ya sa ka bar ni na zage shi, ka bar gari na zaginsa. Ga abin da ya ce, na rubuta maka yadda ya faɗa:

"Da ni yake nufi, da tuni na yafe. Ni tsoho ne, ƙafata ta ruɓe, ai ba ƙarya ya yi ba. Amma doki ya ce a sauke. Doki ya ce a ba ɗan Jakarta. Ni ina zaune cikin ruwa ina riƙe masa wuri, ina cewa mai shi yana nan tafe. Ashe mai shi ya fara ƙirga wanda za a fara cirewa."

Na ce ai don a ceci sauran ne ka faɗa. Ya ce lilo ba a cin sa ɗaya ɗaya. Kowane doki da abokin nauyinsa a ɗaya gefen, ka cire na gaba sai ya karkata, ka cire abokin don ya daidaita, shekara ta zagayo ka cire wasu biyu. Ya ce ya ga yadda aka yi da na garin maƙwabta, yanzu kawunan dawakansu suna rataye a shagunan cin abinci. Wai shi ya sa ya ce wa mutumin Jakarta ko duka ko babu. Mutumin ya yarda. Zai kai su wani otal a Bali, a kafa su a lambu, a sa musu inji, su ci gaba da juyawa tare.

Sun tsayar da rana. Bayan bikin Syawalan, in gari ya sauko bakin teku mako guda bayan ƙaramar Sallah, yara sun yi hawan ƙarshe, washegari mota za ta zo. Ya ce abu ɗaya ne zai hana. In kai da bakinka ka ce kana dawowa ka tura. Ba saƙo ta wakili ba. Ya ce abin da kake aikowa yana sayen fenti, amma ba ya tura lilo. Kuma ba zai je asibiti ba sai ya san hannun da dawakan za su kwana, naka ko na ɗan Jakarta. Kasnap yana zuwa safe da yamma, ya ce baƙin ya kai ƙwauri, ya daina yi mini alkawari.

Zan faɗa maka gaskiyata ni ma, kada ka ce na ɓoye. Ni na gaji, Mas. Sodri in ya tura zagaye kaɗan sai ya kwanta. Ni nake kama masa, da zanina a ɗaure, ina gudu cikin laka mata suna kallona. In an sayar ba zan yi kuka sosai ba. Abin da nake so a yanke ƙafar nan tun da sauran wurin yankewa. Don haka ko me za ka ce, ka faɗa da wuri. In ba za ka zo ba ka ce ba za ka zo ba, ba wanda zai zage ka karo na biyu.

Ƙanwarka,
Daryuni

*

Port Louis, cikin Azumi

Yuni,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa. Ina fatan wannan ta same shi da rai, ta same ku da sauran ƙarfi. Ni ina ƙasa. Ƙafata tana kan tudu, har yanzu tudun yana yi mini lilo.

Jirgin kwasan da ya kawo takardarki, shi na biyo. Na karanta ta ana ɗora kifi, kafin a gama na ɗaure kayana a buhu. Kyaftin ya ce in na tsallaka wannan igiyar, duk abin da kamfani ke riƙe mini sai ƙarshen wa'adi ya tafi. Na ce na sani. Ya zage ni da yarensa, na gode masa da nawa. Ba mugun mutum ba ne can can, shi ma wani ne ke zaginsa ta rediyo. Yanzu ina kwana a bayan wani masallaci kusa da tasha, tare da wasu 'yan Cilacap biyu, mutanen ƙasarmu, muna jiran wakilin nan ya sako fasfo ɗinmu. Kullum gobe. Wannan takardar ta jirgin sama za ta zo, za ta riga ni. Ba na jin zan iso kafin Syawalan.

Kada ki gode mini, kuma kada ki bar matar mai kwakwa ta mai da ni waliyyi. Raina a ɓace yake. Tsohon nan ya bar ni wata da watanni ina ganin na kashe shi da alƙalami, alhali ya san doki nake nufi. Ya bar ki kina wanke ruɓa safe da yamma, ya sa ƙafarsa a tsakiya kamar kayan ciniki. Wannan ba daidai ba ne, kuma in na zo zan faɗa masa a fuskarsa, bayan na durƙusa na gaishe shi.

Amma a kan doki ya fi ni gaskiya. Na daɗe ina ce wa kaina saboda lilo nake teku. Duk sanda wa'adi ya ƙare sai in sake sa hannu, in ce saura kaɗan in tara na dandamali, na rufi, na fenti. Daga nesa dawakan sun zama mini lissafi, wannan a gyara, wancan a cire. Wanda yake turi ba ya iya faɗin abin da na faɗa, don kafaɗarsa ta san inda nauyin kowanne yake.

Ke ma kina da gaskiya, kuma taki ta fi tamu ciwo. Ban san ko abin da na yi hankali ba ne. Ga ni zan dawo hannu wofi, da tafin da ba ya rufuwa sosai, in tura dawakan itace a filin da teku ke ci kullum. Ko mun ɗaga dandamali, ruwan zai biyo shi. Wataƙila otal ɗin Bali ya fi mu iya riƙe su. Na auna wannan duka a hanya, kwana da kwanaki ba ni da aiki sai kallon ruwa, ban samu amsar da ta kwanta mini ba. Abin da na sani kawai, ba zan iya zama a jirgi ana ƙirga mini ƙugiya ba, ranar da mota za ta shiga filin nan. Daga ranar da na iso kin bar turi. Wannan kam alkawari ne.

Ranar Syawalan ki nemi Rasjo, an ce yana tuƙa keken haya a bakin kasuwa. Ki ce Casmadi ne ke roƙo, ya ba mu yini ɗaya. Zai yi ƙorafi, zai ce gwiwarsa, ki ba shi lopis, shinkafar nan mai sukari, da yawa, zai zo. In mutumin Jakarta ya iso da motarsa a ba shi shayi, a ba shi haƙuri, a biya shi man da ya ƙona. Bai yi mana laifin komai ba.

Yanzu ki shimfiɗa tabarma, ki karanta wannan da ƙarfi, a hankali, don kada a sake samun wanda bai gane ba.

Pakde, ni ne Casmadi, da bakina. Ina dawowa in tura. Ban san ranar ba, amma na riga na sauka, ba ni da jirgin komawa. Mbah biyu ne a gidan nan, kowanne da ruɓaɓɓiyar ƙafar hagu. Mbah mutum, a kai shi asibiti gobe da safe, a yanke inda likita ya ce. Mbah doki, kada kowa ya taɓa ƙafarsa sai na zo.

Ɗanka,
Casmadi